Mai Yankan Mama

An ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To ni ban musa ba. Makon jiya babbar 'yata, wadda take aikin jinya, ta zo Tudun Murtala ta ɗauke ni a motarta, wai za ta fitar da tsoho ya sha iska. Ta kai ni Nassarawa, wani gidan cin abinci mai ƙofar gilashi, irin waɗannan da suna ɗaya, fenti ɗaya, kaza ɗaya tun daga Ikko har Maiduguri. Tun da na dawo ban sami sukuni ba. Ba abincin ne ya ɓata mini ciki ba, don ko loma ban kai baki ba. Inda ta ajiye motar ne, a tsallaken titi. Na fito ina waige-waige, ina neman wata bishiyar maɗaci da na sani a wurin, sai na ga an shafe gurbinta da siminti, an ja farin layi, tayar motar 'yata tana zaune daidai inda nake durƙusawa kowace safiya har shekara goma sha huɗu.

Na zo Kano daga ƙasar Haɗeja ko gemu ban tara ba, da lasin tuƙi sabo fil da riga biyu a jaka. Allah ya haɗa ni da wani Alhaji mai gida a Nassarawa, na zama direbansa. Yaran yanzu ba za su gane unguwar da nake nufi ba. A lokacin shiru ne da ita kamar an yi ruwa an ɗauke. Da safe abin da za ka ji bai wuce ƙarar tsintsiya a kan busasshen ganye ba, da ruwan mesa yana zuba a gindin furanni, da kurciya, sai can ka ji maigadi ya ja ƙofar ƙarfe mota ta fito. Masu gidajen ba ka ganinsu sai ta gilashin mota. Mu ne mutanen titi: direbobi, masu gadi, kukaye, masu ban ruwan furanni, daga Katsina, daga Gumel, daga ƙauyukan Kano, sai malaman makaranta da akawu-akawu 'yan ƙasar Zazzau da ke aiki a ofisoshin wurin. Unguwa ce ta masu ƙoshi, amma ba inda mai jin yunwa zai sayi loma, in ka cire gindin maɗacin nan, wurin Mama Mai Fate.

Mama Kirista ce 'yar ƙasar Zazzau. Mijinta malamin makaranta ne, ya rasu ya bar ta a Badawa da 'ya'ya da garken kaji. Gajeruwa ce, ga murya kamar ta mai kiran kasuwa, ga baki. Rumfar kwano ce da benci uku da murhu biyu, shi ke nan dukiyar. Fatenta na tsaki da yakuwa da rama, in ta buɗe tukunya har masu gadin layi na uku sun san an sauke. Da rana kuma tuwon shinkafa da miyar kaza ko ta zabo. Amma ba girkin kaɗai ke kawo mu ba. Matar nan ta san cikin kowa. Ta san wanda gyambon ciki ya hana shi yaji, ta san wanda matarsa ta haihu yake buƙatar a ƙara masa romo ya kai gida, ta san wanda maigidansa ya zage shi da safe tun kafin ya zauna. Sai ta dangwara maka kwano ta ce, "Ci, ɗana. Wanda ya zage ka ma cikinsa yake yi wa bauta." In ka kwana biyu ba ka zo ba, aike zai iske ka har bakin ƙofa, a ce Mama ta ce lafiya? Da azumi kuwa ba ta hura wuta da rana ko da akawu-akawun da ba sa azumi sun yi ƙorafi. Sai la'asar sakaliya ta dama kunun tsamiya, ta soya ƙosai, ta jera mana a benci kafin a kira magariba.

Akwai wata ƙa'ida tata da kowa ya sani. Ba ta sayen nama a kasuwa. Takan ce, "Naman da ban ga ransa ba, ba ya shiga tukunyata." Kajinta da zabinta ita take kiwonsu, ita take kawo su da rai a kwando. Kuma ba ta taɓa sa musu wuƙa da hannunta, tunda ta san su wa take ciyarwa. Wani dattijo Bakatsine mai ban ruwa ne yake mata yanka, har tsufa ya mayar da shi gida. Ranar da ya tafi ta tsare ni bayan na cinye kwanona.

"Kai direba, zo nan. Na lura da kai, ba ka wasa da sallah. An ce babanka malami ne a garinku?"

Na ce, "Haka ne, Mama."

"To ka iya yanka, ko sai tuƙi da cin fate?"

Na yi dariya na ce na iya. Ta shiga rumfa ta fito da wata wuƙa mai ƙotar ƙaho, a naɗe cikin tsumma, ta miƙo mini da hannu biyu. Ta ce, "Amanar cikin mutanen nan ce na ba ka. Ni ban san addu'arku ba, kai ka sani."

Daga ranar, kullum in na fito sallar asuba, kafin in wanke motar Alhaji, sai in bi ta bayan rumfa. Zan tarar ta riga ta haƙa ɗan ramin jini, ta ajiye ruwa a gwangwani don a ba kajin su sha, ga dutsen wasa wuƙa. Akwai wani farin dutse da ta kafa a ƙasa, tun zamanin Bakatsinen, mai nuna alƙibla, ko sharar wurin take ba ta yarda ya gusa. In na durƙusa na take fikafikai na yi bisimilla, sai ta ja baya, ta gyara ɗankwali, ta yi shiru har in gama. Wannan ne kaɗai lokacin da bakin Mama yake hutawa. Ladana kuwa ƙundu ne. A gidajenmu ƙundun kaza na maigida ne, ita kuma ta ce tunda nata maigidan ya riga mu gidan gaskiya, to na mai yanka ne. Shekara goma sha huɗu ina tsintar ƙundu a ƙasan kwanona, ta ɓoye shi ƙarƙashin tuwo don kada sauran su yi mini tsiya.

Aikin tuƙi ya zagaya da ni ƙasar nan, kuma a da ko an rufe maka ido aka sa maka loma a baki za ka faɗi garin da kake. Kifin Haɗeja daban, masar Bauci daban, furar da ake damawa a hanyar Katsina ba irin ta Kano ba ce, in ka gangara kudu kuwa manja da barkono za su gaya maka ka bar gida. Kowace tasha da matar da ake sauka dominta, kuma kowacce da hannunta. Wata rana Alhaji ya tashe ni tafiyar gaggawa zuwa Ikko, ban sami sanar da Mama ba, muka yi kwana biyar. Da na dawo kukun maƙwabtanmu, abokina ne ɗan Gumel, ya tare ni yana dariya. Ya ce, "Ka jawo mana! Kwana biyar muna cin tuwo da miyar lami. Duk wanda ya tambayi nama sai ta ce mai yankanta ya yi tafiya." Na je ina ba ta haƙuri, na ce ai da ta sa wani. Ta harare ni ta ce, "Wuƙa ɗaya na bayar, ga mutum ɗaya. In za ka yi tafiya ka riƙa faɗa, ɗan banza." Ta zuba mini fate har yana zuba ta gefe.

Sai zamani ya juya. Soja suka koma bariki, 'yan siyasa suka shigo da jiniya da manyan riguna. Gidajen Nassarawa suka fara komawa ofisoshi da otal, aka fara sare itatuwa ana ɗaga katanga. A tsallaken titin Mama aka rushe wani tsohon gida, aka tayar da gidan abincin nan na gilashi, reshen wani kamfani daga kudu. Mota mai sanyi take kawo musu kaji a kwali, a daskare, ba kai ba ƙafa. A jikin bango sun rataye wata takarda cikin firam mai hatimi, wai shaidar cewa yankan halal ne. Akawu da 'yan ofis suka fara tsallakawa, don akwai sanyi da kujera, kuma mutum yana so a gan shi a ciki. Ni ma na ci, ba zan ɓoye ba, Alhaji yakan miƙo mini ragowar yara. Kazar da na ci a Ikko da wadda na ci a Abuja da ta Kano duk bakinsu ɗaya, ba za ka ce ga hannun da ya dafa ba. Mama ba ta damu ba. Ta ce, "Bar su su je su sha sanyi, yunwa za ta dawo mini da su." Kuma da gaskiyarta, bencinta bai taɓa zama wayam ba.

A cikin wannan yanayi aka ƙaddamar da Shari'a. Ina cikin waɗanda suka yi murna, har na yi kabbara sai da muryata ta dishe, kuma har gobe ban yi nadamar wannan ba. Kada wani ya karanta wannan ya ce Shari'a na zarga. Shari'a ba ta ce in ɓoye shaida ba, ita ce ma ta hana. Abin da ya faru shi ne kowa ya shiga gyara tsayuwarsa a idon jama'a, wanda bai da gemu ya tara, wanda wandonsa ke jan ƙasa ya ɗage. Muna da ɗan masallaci na ma'aikata a lungun layinmu, kuma a lokacin an ba ni ladanci, ana ma raɗe-raɗin in liman ya tafi ganin gida ni zan riƙa jan sallah. Wallahi abin ya shiga kaina. Direban da aka saba kira "kai", yau ana ce masa Malam.

Akwai wani sabon maigadi da aka kawo layin, mai zafin wa'azi, bai fi wata uku da zuwa ba. Ran nan bayan sallar la'asar ya miƙe ya ce yana da magana. Ya ce abin kunya ne a ce Musulmi suna cin naman hannun matar da ba ta sallah, ba wanda ya san yadda take yanka kajinta, wataƙila ma murɗe musu wuya take yi. Ya ce ga wuri can a tsallake da takardar shaida a bango kowa yana gani, ita kuwa ina tata shaidar? Liman dattijo ne mai adalci, ya ce, "Ba a yanke wa mutum hukunci da zato. In akwai wanda ya san mai yi mata yanka, ya faɗa." Sabon maigadin ya ce, "Ai ko akwai, sai mu ji wane ne yake fitowa daga sallar asuba ya tafi yi wa irin waɗannan bauta." Liman ya juyo gare ni, don ya san a can nake cin abinci. Ya ce, "Malam Ladan, kai ka daɗe a layin nan. Me ka sani?"

Kukun nan ɗan Gumel yana gefena, har ya fara murmushi, don ya san magana ta zo gidan sauƙi. Akwai aƙalla mutum huɗu a sahun da suka sani, duk suka zuba mini ido suna jiran mai abu ya faɗi abinsa. Wuƙar ma tana cikin aljihun motar Alhaji a lokacin. Na dubi sabon maigadin, na dubi lasifikar da aka damƙa mini, na ji bakina ya ce, "Allah ne masani."

Ka ji fa. Ba ƙarya na yi ba, ai Allah ne masanin komai. Amma ni ma na sani, kuma kowa ya fahimci abin da ya fahimta. Waɗanda suka sani suka ga mai yankan da kansa ya janye, su wa za su tsaya wa? Murmushin kuku ya ɗauke. Da muka fito sai ya sa takalminsa ya wuce.

Washegari na fito asuba, ƙafata ta nufi bayan rumfa da kanta, na tsayar da ita. Na ce bari ƙura ta lafa, kwana biyu kawai. Kwana biyu suka zama mako, mako ya zama wata. Na sauya hanya, in zan fita da Alhaji sai in zagaya ta layin baya, har ya tambaye ni ko an rufe titin ne. Aiken Mama ya zo sau biyu, a ce ta ce lafiya? Na ce a gaya mata aiki ne ya yi yawa. Ba a sake aikowa ba. A raina ina cewa ai za ta sami wani, garin nan cike yake da masu iya yanka. Na manta da wace ce Mama.

Kuku ne ya zo ya same ni ina goge mota, bayan kusan wata biyu ba ma magana. Ya ce, "Ka san tun ranar ba ta sa nama a tukunya ba? Ana can ana cewa tana ciyar da mutane mushe, ita kuwa ko fiffike babu a miyarta. Na ce ta kawo in yanka mata, ta ce wuƙarta tana hannun wani, bai dawo da ita ba, bai kuma ce ya fasa ba. Masu gudun nama sun gudu, masu son nama sun tsallaka titi. Jiya mutum uku ne a bencin." Ya tofar da yawu ya ce, "Kai dai ka ji kunya, Malam Ladan."

Ko a nan ma sai da na ƙara kwana uku, don in gaya maka irin taurin kan da ke gare ni. Ran na huɗu da hantsi na ɗauki wuƙar na tafi. Na tarar an cire kwanon rumfa, an ɗora benci a kan a-kori-kura, tukwane a kife. Mama tana tsaye da kwandon kaji a gabanta. Ta rame. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar jiya muka rabu.

"Direba, ka zo? Kajin sun tsufa suna jiranka, naman ma ya yi tauri."

Na ce, "Mama, ki yafe mini. Gobe zan zo da asuba, kuma zan tashi a masallaci in faɗa."

Ta ce, "Gobe ina Zariya, ɗana ya zo ɗaukata." Sannan ta ce, "An gaya mini abin da ka ce. Ba ka yi ƙarya ba, shi na riƙe ni ma. Amma da na ɗauka kai ma ka sani."

Na miƙa mata wuƙar. Ta ƙi karɓa. Ta ce ba ta karɓar abin da ta bayar da hannu biyu. Ta sunkuya ta tumɓuke farin dutsen nan na alƙibla, ta kakkaɓe ƙasar jikinsa, ta jefa a cikin kwando, ta hau gaban mota. Ban sake ganinta ba. Bayan wasu shekaru wani malamin makaranta ɗan garinsu ya gaya mini ta rasu. Maganar da na ce zan yi a masallaci kuwa ban yi ba, na ce tunda ta tafi mene ne amfanin tayar da zance. Na ja sallah a masallacin nan shekaru, mutane suna bin bayana.

To shi ne makon jiya 'yata ta zaunar da ni a cikin sanyin nan, aka kawo mini cinyar kaza a kwali da cokalin roba. Na tashi na je wurin yarinyar da ke bayan kanta, mai hula da riga irin ta sauran. Na ce, "'Yata, wa ya yanka kazar nan?" Ta dube ni kamar na yi mata Larabci, sannan ta nuna mini bango da ɗan yatsa. Takardar tana nan, an sake mata firam. 'Yata ta jawo hannuna tana cewa, "Baba, don Allah, mutane suna kallo." Ban ga laifin yarinyar ba, ba ta sani ba, mai gidan ma bai sani ba, kuma ba wanda ya taɓa tashi a masallaci ya tambaye su. Takarda ba ta jin kunyar kowa, ba ta neman ladanci, shi ya sa ta fi ni riƙon amana.

Shekaranjiya na hau babur mai ƙafa uku na koma Nassarawa ni kaɗai. Masallacinmu yana nan, an sa masa tayil da fanka. Na bi la'asar a sahun baya, ban ga fuska ɗaya da na sani ba. Da aka sallame na dafa bango na miƙe, na ce jama'a a ba ni minti ɗaya, ina da shaidar da zan bayar. Na ce Mama Mai Fate, wadda take da rumfa a gindin maɗaci, ba ta taɓa ciyar da Musulmi abin da ba a ambaci sunan Allah a kansa ba. Ni ne mai yankanta, shekara goma sha huɗu, da wannan hannun, ga ma wuƙar. Na ce an tambaye ni a nan wurin na ɓoye, ina neman gafarar Allah. Hawaye yana bin gemuna, ban damu ba.

Limamin, wanda bai fi sa'ar ɗana ba, ya dubi na kusa da shi, na kusa da shi ya girgiza kai. Sannan ya matso cikin ladabi ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Allah ya karɓa, Baba. Amma wace Mama? Kuma wane maɗaci?"